Gayyar da Na Kira wa Shafin Rahila

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ba, kuma ko na manta, Kande tana nan da ranta, za ta tuna min. Bari in fara da waɗanda suke wurin, don kada wani ya ce na rage shaidu. Akwai Mama Pasto, matar pastonmu, a kan kujerar roba ɗaya tak mai hannu da muke da ita. Akwai Mama Laraba, Uwar Zumuntarmu ta mata. Akwai Tabita ma'aji, wadda ta fi mu karatu duka. Akwai Asabe matar ƙanin mijina, da Kande mai kunu, wadda muka yi shekara arba'in muna gaisawa ba mu taɓa son juna ba. Baban Rahila, wato mijina, yana can gindin mangwaro da rediyonsa, inda yake wuni kullum tun da ya bar aikin reluwe. Sai ni, a tsaye a kansu. Ta ƙarshe da ta shigo ita ce Rahila 'yata, kuma ita kaɗai ce ban gayyata ba.

(Kafin in ci gaba, ni ban taɓa zama a aji ba. Baki nake bayarwa, wata malama maƙwabciyata tana bugawa, na kuma gargaɗe ta cewa za a karanta min daga baya, in ta yi wa maganata kwalliya zan gane.)

A Madakiya, in ka tambayi wadda ke tsaron oda a zumuntar matan cocinmu, ni za a nuna maka. Shekara goma sha tara ina wannan aiki. A gabana "Mama" suke cewa, a bayana "'yar sanda", kuma na san duk masu faɗa. Mai gyangyaɗi a sujada, ni ke taɓa kafaɗarta. Mai zuwa a makare, ni ke tsayar da ita a ƙofa har a gama addu'a. Akwai wata da ta taɓa yi wa zumunta ƙarya a kan zanen anko, ni na kai maganar gaban dattawa, ta yi wata uku a bencin baya ba ta cin jibin Ubangiji. Ba yabon kaina nake yi ba. So nake ku san daga wane tsayi na faɗo.

Rahila ce autata. Ta yi karatun koyarwa, ta sami aiki a wata makarantar kuɗi a Kafanchan, sai makarantar ta rufe a shekarar da cuta ta cinye mana citta a gona, don iyayen yara duk manoma ne, ba mai iya biya. Ta zauna a ɗakinta na haya tana ɗan koyar da 'ya'yan mutane da yamma. Wata Asabar ta zo gida ta ce min ta buɗe bulog.

Na ce, "Shago ne?"

"Shafi ne a intanet, Mama. Ina rubutu, mutane suna shiga suna karantawa."

"Su biya ki?"

"Ba su za su biya ba. In masu shiga suka yi yawa, akwai kamfanin da zai sa talla a gefen rubutun, shi zai riƙa biyana."

"Wato ke ki yi wahala, wani ya ci kyauta, wani can da ba ki taɓa ganin fuskarsa ba ya biya." Na ce mata ko a tatsuniyar da kakata take mana ban ji mai kama da wannan ba. Sannan na yanke hukunci, kamar yadda na saba. Na ba ta zuwa Kirsimeti. In abin bai fara ciyar da ita ba, ta tattara ta tafi Jere wurin gwaggonta da ke soya doya a bakin titin Abuja, don ita tana neman hannu, kuma doya ba ta jiran kamfani. Rahila ta sunkuyar da kai ta ce to. (Ni na sa wannan wa'adi da bakina. Ku riƙe shi.)

Abin da take rubutawa kuwa, kusan duka daga bakina yake fita. Kowace Asabar sai ta zo da waya da littafi ta zauna kusa da murhu. Mama, yaya ake wanke acca yashi ya fita duka? Mama, yaya ake gane irin citta mai lafiya tun kafin a shuka? Gwate, wane lokaci ake zuba yakuwa? Ina amsawa ina faɗa, ina cewa da ta tsaya ta koya tun tana ƙarama da ba ta zo tana tambaya da biro ba. Ta ɗauki hoton tukunya, ta ɗauki hoton hannuwana suna fere citta. Fuskata dai na hana. Na ce ba za a rataye ni a waya kowane ɗan iska yana shafa ni da yatsa ba.

Da farko ba mai shiga. Ta ce min watan farko ita da ƙawarta ne masu karatu, kuma tana zargin ƙawar ma buɗewa take yi ta rufe. Sai ta koyi dabarun abin. Ta daina sa wa rubutu suna irin na wa'azi, ta koma sa tambayar da mutum zai yi da bakinsa. Ta riƙa sa sabon rubutu ranar Talata da Jumma'a ba fashi, ko tana zazzaɓi. Ta nemo zaurukan waya na mutanenmu da ke Legas da Abuja da Fatakwal tana tura musu. Duk wanda ya yi magana a ƙarƙashin rubutu sai ta amsa masa, har da masu zagi. Kamfanin tallar ya ƙi ta sau biyu, wai rubutun bai kai yawa ba. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta zo ta tambaye ni yadda ake kunun tamba.

Akwai ranar da ta karanta min saƙon wani mutum daga Fatakwal. Ya ce shekara shida rabonsa da gida, uwarsa ta rasu, ya bi abin da aka rubuta ya dafa gwaten acca, ƙanshin ya sa ya zauna a kicin yana kuka kamar yaro. Na ce, "Namiji da kuka a kan gwate. Ya dai sa gyaɗa?" Abin da na ce ke nan. Amma bayan ta tafi na sa Tabita ta sake karanta min sau biyu a bayan coci, na ce mata ina so ne in tabbata ba zagina ya yi ba.

A wata na takwas kamfanin ya yarda. Rahila ta sauka daga acaɓa da burodi babba na babanta, tana dariya irin wadda rabona da ji tun tana firamare. Ta nuna min wasu akwatuna masu launi a tsakanin rubutun.

"Mama, kin ga wannan? Talla ce. In mai karatu ya ga abin da yake so ya danna, ana ba ni ɗan wani abu. Yana taruwa, in ya kai sai su turo banki."

Na ce, "Danna mu gani."

Ta janye wayar kamar na ce ta sa hannu a garwashi. "Ni ba na dannawa, an hana mai shafi ya danna nasa. Kuma Mama, don Allah, kar ki ce wa kowa ya danna min. Kowa fa. Su karanta kawai, ya isa."

Na ce, "Na ji."

Na ji ɗin kuwa, kunnena lafiya lau. Laifina shi ne na fassara. Ku da kuka yi boko ba za ku gane ba, amma a wurinmu "kar ki ce wa kowa" ba ya nufin kar a ce wa kowa. Shekarar da Baban Rahila ya kwanta ciwo ana tsakiyar noma, duk wanda ya zo gaisuwa sai in ce, "Kar ku damu da gonar, za mu san yadda za mu yi." Ranar Asabar mutum ashirin suka bayyana da fartanya, don sun san yadda ake jin magana. In kika ce wa baƙuwa kar ta kawo komai, ta zo hannu biyu tana lilo da su, kin san ba a rene ta ba. To ni na ɗauka tarbiyyata ce ke magana a bakin 'yata. Har daɗi na ji. Na ce yarinyar nan tana da kunya, ba ta iya roƙo ba. Batun an hana mai shafi ya danna nasa kuwa bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Ranar gayya ai mai gona girki take yi da ɗebo ruwa, mutane ke riƙe fartanya.

Duk da haka na yi kwana huɗu ban yi komai ba. Kande ce ta ingiza ni. Na je sayen gishiri a kasuwa, ta hango ni daga bayan robar kununta.

"Mama 'yar sa... Mama, sannu! Yaya Rahila? Har yanzu tana aikin latsa waya?"

Na ce tana lafiya.

"Ayya. Tawa Naomi ta ce in ana neman mai shara a asibitinsu a Abuja za ta yi mata magana. Ai gara shara da zaman banza, ko ba haka ba?"

Na sayi gishirina, na lissafa makonnin da suka rage kafin Kirsimeti a yatsuna, na ga ba su cika hannu biyu ba. Wa'adin nawa ne, kuma ni ba a taɓa jin na janye magana ba. Maimakon in kira 'yata in ce mata na ƙara mata lokaci, wanda numfashi ɗaya ne zai ci min, sai na ga ya fi sauƙi in tara garin Madakiya.

Ranar Alhamis bayan taron zumunta na miƙe na yi sanarwa. Na ce Rahila ta buɗe gona a waya, tana bukatar hannu, kuma duk wadda na taɓa zuwa nomanta ko girkin bikinta ta san kanta. Na ce za a yi gwate. Tabita ta tura hanyar shiga shafin a zauren waya na zumunta. Mata goma sha huɗu suka biyo ni gida, masu babbar waya da waɗanda suka aro ta mazajensu. A tsakar gidana aka yi, don nan ne netwok ke kamawa, kusa da rumbu. Har data na saya wa uku daga cikinsu, da kuɗin ƙwan kajina.

Na tsara aikin kamar kunya-kunya a gona. A buɗe rubutu, a nemi akwati, a danna, a koma baya, a sake dannawa. Ba karatu, karatu ɓata lokaci ne. Ni da ban san harafi ɗaya ba ina zagayawa a bayansu hannu a ƙugu, ina leƙa wayar kowa. Asabe ta ɗauko waƙar zumunta, aka amsa, yatsu suna tafiya daidai da waƙa. Wallahi, in ban da na san ƙarshen labarin, da na ce muku rana ce mai kyau.

Mama Pasto ce kaɗai ta ɗan ja baya. Ta kira ni gefe ta nuna min wayarta.

"Mama, wannan fa tallar caca ce. Wannan kuma... maganin maza ne."

Na ce, "Saye aka ce ki yi? Danna ki wuce."

Ta danna. (Ni da na taɓa korar wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙa don an gan ta tsaye a ƙofar shagon caca tana jiran ruwa ya ɗauke. Daga baya na ji Pasto ya ari wayar matarsa zai duba aya, abin da ya tarar ya sa sun yi kwana biyu ba sa magana. Wannan ma a kaina yake.)

Kafin su watse na ba su aikin gida. Kowace safiya bayan addu'a, danna goma. Na ce zan tambaya.

Bayan kwana uku Rahila ta kira ni tana dariya. "Mama, wani abu yana faruwa! Abin ya tashi sama, ban taɓa ganin haka ba!" Ina tsaye a bakin rijiya na ce, "Ubangiji ne." Na yi murmushi ni kaɗai har guga ya kusa suɓuce min. A raina ina ganin ranar da zan gaya mata, bayan kuɗi sun shigo, in ce to, ga abin da jahilar uwarki ta iya.

Alhamis ta biyu mata goma sha tara suka zo, don labarin gwaten ya bazu. Washegari Rahila ta sake kira, amma wannan karon ba dariya.

"Mama, abin nan yana ba ni tsoro. Masu karatu ba su ƙaru ba, dannawa ce ta yi yawa. Kuma duk daga gefenmu suke, kamar wuri ɗaya. Mama, ba ki gaya wa kowa ba ko?"

Nan ne wurin. Duk sauran abin da na yi, zan iya tsayawa gaban dattawa in ce rashin sani ne. Wannan ba rashin sani ba ne. Na ji tsoron da ke muryarta, na san 'yata, na san lokacin da take kunya da lokacin da take rawar jiki. Amma na riga na dafa gwate sau biyu, na riga na yi sanarwa a gaban Kande. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni? Me na sani a waya? Ke dai ki yi addu'a ki daina zargi."

Ta ce, "To, Mama. Yi haƙuri."

Ita ce ma ta ba ni haƙuri.

Alhamis ta uku yawancin mata sun tafi jana'iza a Fadan Kaje, shi ya sa biyar ɗin da na lissafa muku ne kawai suka zo. Na ce ba komai, biyar masu himma sun fi. Aka zauna, aka buɗe wayoyi. Sai Asabe ta ce, "Yaya, yau ba akwati fa." Tabita ta duba tata, ta ce haka ne, rubutu yana nan, hoto yana nan, wurin tallar fari fat. Na ce netwok ne. Na sa suka ɗaga wayoyi sama. Na sa Mama Laraba, Uwar Zumunta guda, mai jikoki tara, ta hau kan turmi tana miƙa hannu wajen rumbu. Ina tsaye ina ba da oda: "Kande, rufe ki sake buɗewa! Mama Pasto, ja shi ƙasa da kyau, wataƙila ya ɓuya a gindi!"

A haka Rahila ta same mu.

Ban ji tsayuwar acaɓa ba. Na juya kawai na gan ta a bakin ƙofa, ba jaka, ba burodi, ɗankwali a karkace, idanu sun kumbura. Daga baya na gane wurina ta zo ta yi kuka. Saƙon ya shigo mata da safe, ta rasa inda za ta sa kanta, ta ce bari ta je wurin uwarta.

Ta tsaya tana kallon Mama Laraba a kan turmi. Ta kalli wayoyi biyar, kowace da hoton hannuwana suna fere citta. Duk da haka sai da ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don ni na rene ta.

Kande ta tafa hannu. "Ga mai gona ta iso! Rahila, yau hajarki ta ƙare, mun cinye ta tas! Ki ce wa Turawan su ƙaro, yatsunmu suna nan."

Rahila ta ce a hankali, "Mama Kande, me kuke yi?"

Asabe ce ta amsa, da fara'arta duka, baiwar Allah. "Gayya mana, 'yata! Sati uku ke nan. Mamanki ba ta gaya miki ba? Ni kaɗai ina yin talatin kafin in ɗora ruwan koko."

Mama Laraba ta sauko daga turmi da ƙyar, ba wanda ya tuna ya riƙe ta. Rahila ta ciro wayarta, ta miƙa wa Tabita, ta ce, "Anti, karanta musu. Ni ba zan iya ba."

Tabita ta gyara tabarau, ta karanta a ranta, sannan ta juya mana da Hausa. Kamfanin ya ce ya gano ana danna talla da gangan, daga wayoyi kaɗan, a wuri ɗaya, sau da yawa. Ya ce wannan cuta ce ga masu biyan kuɗin talla. Ya rufe asusun Rahila. Abin da ya taru, har da na halal ɗin da mutanen Legas da Fatakwal suka kawo da kansu, ba za a ba ta ba. Kuma da sunanta ba za ta sake buɗe wani ba.

Na buɗe baki. Ku yarda da ni, faɗa na yi niyyar yi. Na ce, "Wane irin kamfani ne wannan da ba ya son a taimaki mutum? Sata muka yi? Da yatsunmu muka..."

"Mama."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na sami abin kamawa.

"Mama, na roƙe ki kar ki ce wa kowa. Wannan na yafe, ba ki san yadda abin yake ba. Amma ranar Jumma'a na kira ki na tambaye ki. Da kin ce e, da na cire tallar a ranar, na rubuta musu da kaina kafin su gani. Na tambaye ki, Mama. Kika ce me kika sani a waya."

A gaban Mama Pasto. A gaban Uwar Zumunta. Na ji zanena ya yi min nauyi kamar an jiƙa shi. Na nemi inda zan sa idona, duk inda na duba akwai wadda na taɓa tsayarwa a ƙofar coci. Tabita tana goge tabarau da ba datti a kansa. Mama Pasto ta kife wayarta a cinya a hankali.

Kande ta kurɓi ruwa, ta ajiye kofi, ta juya wajen Mama Laraba.

"Uwar Zumunta, tambaya nake. Bencin baya wata uku ne har yanzu, ko ya danganta da mai ƙaryar?"

Mama Laraba ta ce, "Kande, ya isa." Amma ba ta ce ba gaskiya ba ne.

Sai ga muryar Baban Rahila daga gindin mangwaro, mutumin da sati uku yana cin gwaten gayya bai ce uffan ba. "Ni dai na ce yarinyar nan ta ce kar a taɓa."

Na ce, "Yaushe ka ce?"

Ya ce, "A zuciyata."

Matan suka tashi ɗaya-ɗaya, kowa da uzurinta. Gwaten ranar ba wanda ya taɓa, sai Kande da ta ce a zuba mata a roba kada ya lalace. Rahila ta ƙi zama. Na ce ta ci abinci, ta ce ta ƙoshi. Na ce yamma ta yi, ta kwana, ta ce tana da ɗalibai. Ta gaida babanta, ta ce min "sai an jima, Mama" kamar ba komai, ta fita neman acaɓa. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

In gaya muku tun yanzu, don kada ku zauna kuna jiran abin al'ajabi: ba su mayar mata ba. Kirsimeti ta zo, na ce mata na janye wa'adin, karo na farko a rayuwata da na janye magana. Ta ce a'a, magana magana ce, kuma ɗakin haya ba ya jira. Tana Jere yanzu. Tana soya doya, in motoci suka yi sauƙi ta goge hannu ta yi rubutu a waya. Masu karatu suna nan, har sun ƙaru, wasu ma suna aiko mata a saya musu acca da busasshiyar citta, da wannan take lallaɓawa. Wurin tallar dai har yau fari ne. Ba a sa ni a bencin baya ba, dattawa suka ce shekaruna sun wuce, kuma wannan ya fi bencin ciwo. Har yanzu ni ke tsaron ƙofa, sai dai in mace ta makara yanzu takan dube ni cikin ido ta wuce.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na yi shekara sittin da wani abu ina jin abin da mutane suke nufi a bayan maganarsu, ina alfahari ba a ɓoye min komai. Ashe akwai ranar da ɗanka zai ce maka kar ka yi, kuma kar ka yi ɗin yake nufi, ba ƙari ba ragi. Ita kuma na'urar Turawa ba ta san gayya ba, ba ta san zumunci ba, amma ta fi ni iya sa ido. Ni shekara goma sha tara ina yi, ita sati uku ta kama mu duka, har da matar Pasto.

Washegarin wannan Alhamis ɗin da sassafe na ɗaura zane na shiga motar farko zuwa Kafanchan. Ban ɗauki acca ba, ban ɗauki ƙwai ba, don na san in na riƙe wani abu a hannu zan miƙa shi a madadin magana. Na same ta zaune a bakin katifa da waya. Ta ba ni kujera, ta gaishe ni, ta koma kan wayarta. Na tambaye ta me take yi. Ta ce akwai fom na neman a sake duba maganar, akwai wurin da aka ce ta bayyana abin da ya faru da wanda ya yi, tun jiya take kallonsa ta kasa cikewa.

Na ce, "Me ya hana?"

"Me zan rubuta, Mama? In ce wa?"

Na ce, "Rubuta. Ki ce uwarki ce. Ki ce ba ta yi makaranta ba, ba ta san harafi ko ɗaya ba. Ki ce kin hana ta, ta ƙi ji. Ki ce kin tambaye ta, ta yi miki ƙarya."

Ta ɗago. "Wannan na ƙarshen ba sai an sa ba."

"Sa shi. Ba don su nake faɗa ba."

Ta yi ta bugawa tana juya shi da Turanci, hawaye yana sauka a kan gilashin tana gogewa da gefen hannu. Da ta gama ta karanta min, ban gane komai ba, na ce daidai ne. Sannan na miƙa hannu na ce in akwai wurin dangwalawa ta kawo in dangwala, don su san ni ce.

Rahila ta dubi babban yatsana, ta kama shi, ta mayar min da shi kan cinyata.

"Mama, bar yatsan nan ya huta."